Ranar da Wayar Alhaji Ta Daina Kuka

Inusa na tsaye bisa kujerar ƙarfe, turnabis na murɗa kusa a haƙora, yana cusa zaren waya na ƙarshe cikin akwatin da ya kafa a bango, sai Habib ya shigo ɗan ɗakin. Wurin ko mutum ɗaya da ƙyar yake ɗauka a wannan zafi na bazara, amma Habib ya mayar da ƙofa ya rufe, har ya jingina da ita.

"Ka gama?"

Inusa ya cire turnabis daga baki. "Jiki ya haɗu, Yaya Habib. Hankali ne ban sa mata ba tukuna. Saura in hwaɗa mata inda za ta kai kowane kira."

Akwatin shi ne sitandar, na'urar da Habib ya sayo daga Lome. Layi biyu na gidan waya suna shiga ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma zaruruwa suna fita zuwa wayoyin gidan: biron Habib, wato ofishinsa, na kontabul mai riƙe da lissafi, mangazar ajiyar kaya, cikin gida, da ɗakin Alhaji. In kira ya shigo daga waje ita ke zaɓar wayar da za ta yi kuka. Ba ta da son rai, ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Abin da aka danna mata shi take bi.

"Bon," in ji Habib, ya rage murya. "Sabuwar lamba ka kai ta ga kontabul. Tsohuwar lamba ka kawo ta biro nawa."

"Ta Baba hwa?"

"Ka bar ta da rai. In ya ɗauka shi ji tana huci kamar kullum. Amma kada kiran waje shi kai gare ta."

Inusa ya sauko daga kujera a hankali, kamar wanda gwiwa ke wa ciwo.

Tsohuwar lamba ba lambar kamfani ba ce, lambar Alhaji Idirisa ce. Daga Agadas har Kwatano, duk mai cinikin shinkafa ko sukari ko atamfa ya san ta da ka. In dai Alhaji na gari, ba a taɓa bugo ta wani ya ɗauka ba. Kafin kukan farko ya ƙare hannunsa ya kai. Sai gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara, sannan a gangaro kan ciniki. In Alhaji ya ce "na sallama," magana ta ƙare, ko guntun takarda ba a nema. Da wannan baki ya gina mangazu da gidajen da ake nunawa da yatsa a Maraɗi.

To, a farkon shekarar nan aka wayi gari sefa, kuɗin ƙasar, ta faɗi, darajarta ta rabu biyu. Kowa a kasuwa ya ɗaga farashi, har mai ƙosai da ba ta taɓa sayo komai daga waje ba. Alhaji kaɗai ya ƙi. Ya ce shi bai san wata dabaluwasiyo ba, mutane ya sani. Makon jiya wani tsohon abokin fatauci ya bugo daga Damagaram, ya iya gaisuwa, ya tuno da zamanin da, Alhaji ya sallama masa shinkafa kamiyo biyu, manyan motocin kaya cike, a farashin bara. Habib ya tsaya a bakin mangaza yana kallo ana lodi, bai hana ba, domin bakin Alhaji bakin gida ne. Masu irin wannan gaisuwa kuwa sun ji labari, sun fara yawa.

Mai karatu zai ce, ai sai Habib ya zauna da ubansa su yi magana. Wanda ya ce haka bai san gidan ba. Habib ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Alhaji bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan," ga shi har furfura ta fara yi wa yaron nan sallama a gemu. Ba sa haɗa ido, ba sa cin abinci kwano ɗaya, in da saƙo sai ya bi ta bakin wani. Abin da ɗa ya kasa faɗa wa ubansa ke nan ya je har Lome ya sayo akwati ya faɗa masa.

"Akwai wata dabara," in ji Inusa. "Ina iya sa ta yi kuka wurinka da hwari. In ba ka ɗauka ba, bayan ɗan lokaci ta wuce ga Baba."

"In na hita salla hwa? In na tahi duwan, wurin 'yan kwastan? Sai ta wuce, shi sallama wani kamiyo."

"To a sa su yi kuka tare."

Habib ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka taɓa ganin wanda ya riga Baba ɗaukar waya?"

"Yaya Habib, in ya tambaye ni, mi zan ce mashi?"

"Kai ne mai sana'a. Ƙasar ga mi ke tahiya daidai cikinta? Kuran na ɗaukewa a bar mu cikin duhu, lakkol a ruhe yara ba karatu, ku kanku 'yan gidan waya kuna yajin aiki. Ka rasa abin hwaɗi?" Ya sassauta. "Inusa, ba ƙin shi nike ba, Allah na gani. Mutum nawa ke ci ga gidan ga? In anka ci gaba haka, kahin damina mangaza ta zama wurin kwanan jemage. Kira kau ba shi yi, ka sani. Shi ake nema, ba shi neman kowa. Kwana biyu zai saba."

Abin haushi, Habib na da gaskiya, kuma Inusa ya san haka. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, sai mutum ya tattara kayan aikinsa ya hau ɗan baburinsa mobilet ya koma Tsibiri da mutuncinsa. Amma aiki ya yi wuya, kuma Habib ya riga ya yi masa hanya wurin wasu alhazai biyu masu son irin wannan na'ura. In ma ya ƙi, gobe za a ɗauko wani daga Yamai ya danna. Ya gaya wa kansa duk wannan, ya ƙara da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya kasa gaya wa kansa shi ne wane ne kuturun, domin ladan Alhaji ya fara ci tun kafin ya san Habib. Mahaifinsa Maliki direban Alhaji ne, ya rasu a hanya Inusa na ƙarami. Alhaji ya riƙe shi a lakkol har ya fito, shi ya karɓa masa auren Saudatu, kuma har yau in zai kira shi sai ya ce "ɗan Maliki."

Inusa ya jawo wayar gwaji, ya tura ɗan maɓallin da ke cikin akwatin, wata fitila ja ta kama. Ya danna tauraro, ya danna lambar layi, ya danna lambar biron Habib. Na'ura ta yi ɗan tsit, alamar ta karɓa. Ya sake danna tauraro, ya goge lambar ɗakin Alhaji daga jerin masu kuka. Ta sake yin tsit. Shi ke nan. Ya so a ce aikin ya ba shi wahala, ya ɗauke shi yini guda yana gumi, amma ko tukunyar shayi ba ta isa tafasa ba.

Ya nuna wa Habib yadda ake tura kira daga waya zuwa waya: a taɓa wannan, mai kira ya ji ɗan kiɗa yana jira, a danna lambar ɗakin da ake so, a ajiye. Habib ya gwada sau ɗaya, ya karɓi mabuɗin ɗakin ya sa aljihu.

Ba a jima ba kira ya shigo. Inusa na tsugune a baranda yana naɗe ragowar zare ya ji kukan sabuwar waya, siriri mai kaifi, daga biron Habib. Biron da ɗakin Alhaji asali ɗaki ɗaya ne, aka raba shi da katako aka shafa fenti. Inusa ya ci gaba da naɗe zaren da ya riga ya naɗu, bai ɗaga kai ba.

Bayan azahar aka ce Alhaji na kiransa.

Ɗakin Alhaji yana bakin titi, da babbar taga a buɗe. Yana zaune bisa kilishi ya jingina da matashi, ga wayarsa kan ɗan tebur daidai hannun dama. Baƙa ce, mai nauyi, irin wadda ake juya lambobinta da yatsa. Habib ya kawo masa sabuwa fara, Alhaji ya aika a ce a kai wa mata. Idonsa ya yi rauni, sai mutum ya matso yake gane shi, amma ya gane Inusa tun daga takunsa.

"Ɗan Maliki, shigo. Tun sahe kana gidan ga ba ka zo mun gaisa ba? Ko na'ura ta hana gaisuwa?"

Inusa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Ina wuni, Baba. Na leƙo da sahe na ga kana lazimi."

"Lahiya lau. Ina Saudatu? Ina amaryata ƙarama, ta hwara tahiya?"

"Tana tsayawa da bango."

"Madalla. Matso ka sa hannu."

Aka buɗe kwano, shinkafa da miyar zabo. Inusa ya ce ya ƙoshi, Alhaji ya ce ƙarya yake yi, Bagobiri bai taɓa ƙoshi ba. Ya matso. Alhaji ya laluba ya tura masa cinya gabansa. Yana ci yana jin kamar duk wanda ya wuce ta taga ya san abin da ya yi.

Suna cikin ci, waya ta yi kuka a bayan katako. Hannun Alhaji ya motsa wajen tebur da kansa, ya tsaya a hanya, ya koma kwano.

"Ɗan Maliki, wayar ga tawa tun hantsi ba ta ce komi ba. Na ɗauka na ji tana huci. Lahiyarta kau?"

Ga wuri ya samu na faɗin gaskiya, su biyu ne, ba kowa. Inusa ya dubi shinkafa.

"Layi ne, Baba. Ka san mutanenmu na yajin aiki. Wani kira shi shigo, wani shi ɓace a hanya."

"Ah to," in ji Alhaji. "Zamani."

Bai ƙara tambaya ba. Da ya yi faɗa, ko ya ce bai yarda ba, da Inusa ya samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce ya ƙara miya. Kunya ta rufe Inusa har kunnuwansa suka yi zafi, ya ji ya tsani hannunsa da ke cikin kwanon.

Yana wanke hannu wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofa, aka ji murya tun kafin a ga mai ita.

"Ina tsohon yake? Yana da rai ko mu yi ta'aziyya?"

Alhaji Sha'ibu ne na Jiratawa, mai gonakin rani a bakin gulbi, abokin Alhaji tun suna samari. Tun da aka buɗe jam'iyyu kowa ya kama tasa, Sha'ibu na ɓangaren 'yan sauyi, abin da ya ƙara musu abin tsokana. Mutum ne mai kirki, amma bakinsa ba ya da ƙofa. Abin da ya gani da la'asar, kafin isha duk majalisun alhazan Maraɗi sun ji, an ƙara gishiri.

Ya zauna suka gaisa, ya amsa gaisuwar Inusa, sannan ya gyara babbar riga ya fuskanci abokinsa.

"Idirisa, yau na ga abin mamaki. Da hantsi na shiga biron koperatif na manoma na bugo maka, zan hwaɗa maka alkama ta iso. Sai na ji muryar ɗanka. Na ce ko kuskure na yi, na sake bugawa. Shi dai. Na ce ina tsohon? Ya ce wai in hwaɗi saƙo." Ya tafa hannu. "Ni Sha'ibu, in bar saƙo! Na ce sai na zo na gani da idona. Ko kai ma an yi maka taron ƙasa ne cikin gida, irin wanda anka yi ma shugaban ƙasa? An bar maka kujera da hula an kwashe iko?"

Ya fashe da dariya. Alhaji Idirisa ya yi murmushi.

"Ku 'yan sauyi ba ku da zance sai na ƙwace. Layi ne ke wasa. Ga mai sana'ar nan, tambaye shi."

Sha'ibu ya juyo. Inusa ya gyaɗa kai.

"Awo, Alhaji. Layi ne."

"Layi ne ya koyi muryar ɗanshi?" Sha'ibu ya girgiza kai. "A'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga shagon Jibo can tsallaken titi, shina da waya. Tashi ka je ka bugo lambar ga mu gani."

Inusa ya miƙe da sauri, domin wata dabara ta faɗo masa. In ya zaga ta baya ya karɓi mabuɗi wurin Habib, dannawa kaɗan ce ya mayar da layin, a wuce wannan wuri tukuna. Amma Sha'ibu ma ya dafa ƙasa ya tashi.

"Tare za mu. Ban yarda da Bagobiri shi kaɗai ba. Sai shi tahi shi sha hura shi dawo shi ce ya buga."

"Ku tahi," in ji Alhaji Idirisa. "Ina nan."

Suka fita. Sha'ibu ya riƙe hannun Inusa kamar mai tsoron kada ya gudu, suka jira wani kamiyo ya wuce, suka ratsa ta tsakanin masu babura. Titin ba shi da faɗi, amma Inusa bai taɓa tsallaka mai nisansa ba. Ya san abin da zai biyo baya sarai. Zai buga, Sha'ibu zai tsaya yana kallon taga, tsoho zai zauna kusa da wayar da ba ta kuka. Gobe a kasuwa za a ce Alhaji Idirisa ɗansa ya ajiye shi, kuma ɗan Maliki, wanda ya ci tuwon gidan ya girma, shi aka ba wuƙar.

Jibo mai kayan mota ya zaro waya daga ƙarƙashin kanta, ya buɗe ɗan kwaɗon da yake kulle ta da shi. Daga bakin shagon ana hango Alhaji ta taga, farar riga da farar hula, hannunsa bisa gwiwa. Ƙarar titi ba ta bari a ji komai daga can. Sha'ibu ya tsaya ya kafa wa tagar ido, ya harɗe hannu a baya.

Inusa ya juya lambobin. Ya ɓata, ya sake. Ya ji layi ya shiga, ya fara kuka.

Sai ya ga Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki baƙar wayar, ya kai kunne.

A cikin kunnen Inusa kuwa kukan bai tsaya ba. Ya sake yi, sannan aka ɗauka.

"Alo?" Muryar Habib ce.

Inusa ya tsaya baki buɗe. Ya san babu yadda za a yi wayar can ta yi kuka, da hannunsa ya hana ta. Abin da Alhaji ya ji, ta bayan katako ya ji shi. Ashe tun hantsi yake jin kowane kira yana shiga ɗakin ɗansa. Ashe da ya yi tambaya a kan kwano ya san amsa.

"Ka ga ya ɗauka!" in ji Sha'ibu. "Yi magana mana, ka tsaya kamar gunki."

"Alo? Wa ke magana?" in ji Habib.

Inusa ya gyara wayar a kunne. "Baba," ya ce. "Baba, Inusa ne. Daga shagon Jibo nike, ni da Alhaji Sha'ibu. Muna gwada wayarka. Kana ji na?"

Ya ji numfashin Habib, ya ji kujera ta motsa. Habib ba wawa ba ne, kuma katakon da ke kai kuka wancan gefe yana kawo murya wannan gefe. Sai ga ɗan kiɗan jira ya cika kunnen Inusa. Habib na ƙoƙarin tura wa ubansa kiran. Inusa ya runtse ido, domin ya san ba za ta shiga ba. Na'ura ba ta kai kira ga wayar da aka riga aka ɗaga. Kiɗan ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa.

A tsallaken titi Alhaji na gyaɗa kai, yana magana, har da ɗaga hannu kamar yadda ya saba in ciniki ya yi daɗi. Ya ɗaga murya yadda ta ratso ƙarar babura ta iso shagon.

"Ina jin ka, ɗan Maliki! Ras nike jin ka!"

"To madalla, Baba," in ji Inusa, yana magana da kiɗa. "Madalla."

"Ba ni nan in zage shi," in ji Sha'ibu, ya miƙo hannu.

Inusa ya ƙanƙame wayar. Bai san abin da zai yi ba, ya dai ƙi saki. Sha'ibu ya kama igiyar. Ko Alhaji ya hango motsin fararen riguna ne, ko kuwa sanin halin abokinsa ne, Allah masani. Sai aka ga ya ce wani abu, ya mayar da wayar mazauninta, ya jingina.

"Ya aje," in ji Inusa, ya danne maƙatar da yatsa kafin ya miƙa.

Sha'ibu ya kara a kunne, ya ji huci, ya yi tsaki yana dariya. "Ja'iri! Ya san ni zan karɓa." Ya dubi Jibo. "To, na sha ƙasa. Yau layi ya yi mani ƙarya."

Da suka koma, Alhaji Idirisa ya tare Sha'ibu. "Yaya, ɗan sauyi? An ƙwace ko ba a ƙwace ba?"

"Ba a ƙwace ba tukuna. Amma ka yi hattara, zamanin ga ko liman sai an jehwa mashi ƙuri'a."

Suka yi ta yi, daga alkama zuwa majalisar dokoki, daga majalisa zuwa wa ya fi wa tsufa. Inusa na rakuɓe a bakin ƙofa, yana addu'a kada wani ya bugo. Allah ya taimaka ba a bugo ba, ko kuwa Habib ne ya ɗaga tasa ya ajiye a gefe, bai sani ba. Da aka kira la'asar suka yi salla a masallacin ƙofar gida. Habib ya tsaya can ƙarshen sahu, ana sallamewa ya shige biro. Sha'ibu ya ce zai koma kafin rana ta faɗi, ya shiga motarsa yana ɗaga hannu.

Inusa ya bi Alhaji ɗaki, ya durƙusa nesa da inda ya zauna ɗazu. Ya shirya magana tun a sahu, amma da ya buɗe baki sai ta watse. Idonsa ya cika.

"Baba... bari in je in karɓo mabuɗi in mayar."

"Ka mayar da mi?"

"Baba, ni na..."

"Waya lahiya lau take. Kai da kanka ka buga, gaban shaidu na ɗauka." Alhaji ya jawo carbinsa. "Ko so kake ka mai da ni maƙaryaci?"

Inusa ya sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan kilishi, ya sa yatsa ya murje wurin.

Alhaji ya ja carbi ya yi nisa, kamar ya manta da shi. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗan Maliki, sabbin wayoyin ga, ana iya rage masu kuka?"

"Ana iyawa, Baba."

"To ka shiga wurin yaron nan ka rage ma tashi. Katakon ga ba shi da kauri, kuma ina yin baƙi."

Inusa ya ce to. Ya tashi ya sa takalmi, ya zaga ta baranda ya ƙwanƙwasa biron. Habib na zaune ya dafe goshi da hannu biyu. Ya ɗago ya dube shi. Inusa ya ɗauki farar wayar Habib ya kifa ta, ya lalubo ɗan maɓallin da ke gindinta, ya tura shi har ƙarshe.